Kuɗin karatun tsaron intanet na nan, amma ba inda yawancinmu ke nema ba

Duk shekara daga wajen watan Satumba saƙonnin nan suke fara yawo a WhatsApp da Telegram, wai ga jerin sikolashif hamsin na masu son karanta tsaron intanet, kyauta ne komai da komai, maza ka cike kafin a rufe. Mutum ya tura maka, kai ma ka tura wa wani, shi ma ya tura gaba, kuma na tabbata a cikin masu turawar nan da wuya ka samu wanda ya buɗe ko guda ɗaya ya karanta sharuɗɗan har ƙasa. Ni dai na sha zama na bi irin wannan jeri ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da nake gani kusan kullum iri ɗaya ne, rabi ba naka bane tun daga layin farko, wasu an rufe su shekaru biyu da suka wuce, wasu kuma ba na bincike bane sam, kwas ne na wata shida.

Toh bari mu fara da fasfo, don a wannan fannin shi ake fara dubawa kafin a dubi ƙwaƙwalwarka. Sauran fannoni irin su lissafi ko noma ba su cika damuwa da ƙasar da ka fito ba, amma tsaron intanet gwamnatoci na kallonsa ne kamar aikin soja, saboda haka manyan kuɗaɗen da ake ta talla yawanci na 'yan ƙasa ne. Misali CyberCorps na Amurka, wanda aka kafa tun 2000 kuma hukumar NSF mai tallafa wa binciken kimiyya ke riƙe da kuɗinsa, yana biyan kuɗin makaranta ya ba ka alawus mai kauri har tsawon shekara uku, amma sai ɗan ƙasar Amurka ko mai takardar zaman dindindin. Haka tallafin NSF ɗin nan na ɗaliban digiri na biyu da na uku da ake kira GRFP, wanda yake tun 1952, shi ma sharaɗin kenan. A Birtaniya an yi CyberFirst na hukumar tsaron intanet ta NCSC, wadda reshe ce ta GCHQ wato hukumar leƙen asirin sadarwa, sun riƙa ba ɗalibin digirin farko fam 4,000 a shekara da horo lokacin hutu, amma sai ɗan Birtaniya kuma sai an tantance shi ta fuskar tsaro. In kana da wannan fasfo ɗin, bismillah, wallahi dama ce babba. In ba ka da shi kar ka ɓata data da lokacinka, babu wata wasiƙa mai daɗi da za ta canza wannan layin.

Kuma ko wanda ya cancanta ɗin ya kamata ya san abin da yake sa wa hannu. CyberCorps ba kyauta bace ta a ci a goge baki, duk shekarar da suka biya maka sai ka yi wa gwamnati aiki na shekara guda a madadinta, in ka ƙi kuɗin ya koma bashi a kanka. Ga wanda dama burinsa aikin gwamnati wannan ai gaba ta kai shi, ya gama karatu aiki na jiransa, amma wanda yake mafarkin yana gamawa wani babban kamfani ya ɗauke shi da albashi ninki biyu, toh ya yi lissafi tun yanzu.

Sai rukuni na biyu, waɗanda kowa ya san sunansu, Chevening da Commonwealth da Fulbright da DAAD ta Jamus da Erasmus Mundus. Waɗannan dama don baƙi aka yi su, kuma ba na tsaron intanet bane kaɗai, kai ne zaka zaɓi kwas ɗin. Chevening mastas ce ta shekara ɗaya a Birtaniya, suna son ka yi aiki na aƙalla shekara biyu kafin ka nema, kuma in ka gama sai ka koma ƙasarka ka yi shekara biyu. Abin da suke nema shugabanci ne da iya hulɗa da jama'a, ba wai zurfin bincike ba, don haka wanda ya iya kutse kamar aljani amma bai iya ba da labarin kansa ba zai iya faɗuwa, wani da bai kai shi a fasaha ba ya wuce. Erasmus Mundus ita na fi yabawa ga mai son bincike, mastas ce ta Tarayyar Turai, yawanci shekara biyu, zaka yi karatu a ƙasashe aƙalla biyu, alawus Yuro 1,400 a wata, kuma akwai shirye-shiryen da suka tsaya kan tsaro zalla irin su SECCLO da jami'ar Aalto ta Finlan ta jagoranta da kuma CYBERUS. Matsalarsu ɗaya ce, duk duniya kowa su yake bi. Ka nema, ban ce kar ka nema ba, amma kar ka jingina rayuwarka a kansu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Mafi yawan ɗaliban da ke digirin dakta a tsaron intanet a manyan jami'o'i ba wata sikolashif mai suna ce ke riƙe da su ba, malaminsu ne ke biyansu daga kuɗin bincikensa. Wannan shine abin da jerin WhatsApp ɗin nan ba zai taɓa gaya maka ba, saboda ba shi da fosta ba shi da tambari mai kyalli. Farfesa ne zai rubuta ƙudurin bincike ya kai wa hukuma, hukuma ta ba shi kuɗi na shekara uku ko biyar, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin nan na ɗaukar ɗalibai ne da za su yi aikin. A Amurka NSF na da wani shiri mai suna SaTC da ya daɗe yana zuba kuɗi a binciken tsaro da sirrin bayanai, kuma ɗalibin da farfesa zai ɗauka da irin wannan kuɗin ba dole ya zama ɗan ƙasa ba. A Turai hukumar tallafin bincike ta ERC na ba matashin malami har Yuro miliyan 1.5 na shekara biyar. Kaga mutumin da ya samu wannan a bana, shi ma fa neman ɗalibi yake ido rufe, don in bai ɗauki mutane ba aikin ba zai yiwu ba.

A ƙasashe irin su Jamus da Holan da Suwidin da Denmak da Suwizalan ma abin ya wuce batun tallafi, ɗalibin dakta a kimiyyar kwamfuta yawanci ma'aikaci ne, da kwantiragi da albashi da inshorar lafiya da hutun shekara har da kuɗin fansho. Shi yasa ba zaka ga tallarsu a shafukan sikolashif ba, a shafin guraben aiki suke, kai kuma kana can kana ta neman kalmar sikolashif a Google. Cibiyar CISPA da ke Saarbrücken, da cibiyar Max Planck ta tsaro da sirri da ke Bochum, da rukunin COSIC na jami'ar KU Leuven a Beljiyam inda tsarin ɓoye bayanai na AES ya samo asali, duk haka suke ɗaukar mutane. Shafin EURAXESS na Tarayyar Turai cike yake da irin waɗannan guraben, masu son ilimin ɓoye saƙo kuma ƙungiyar masana fannin ta IACR na da shafin da ake liƙa guraben dakta kusan kowane mako. Akwai kuma tsarin Marie Skłodowska-Curie wanda shi ma albashi ne, kowace ƙasa ka fito zaka iya nema, sharaɗinsa mai ɗan rikitarwa shine kar ya zama ka zauna a ƙasar da zaka je fiye da wata 12 a cikin wata 36 da suka gabata. Ita kuma Birtaniya tun shekarar karatu ta 2021 ta buɗe tallafin dakta na UKRI, hukumarta mai ba da kuɗin bincike, ga baƙi, amma da ƙayyadewa, kada su wuce kashi 30 cikin ɗari, don haka cibiyoyin horar da ɗaliban dakta na can ƙofarsu a buɗe take amma ƙarama ce.

Toh ta yaya zaka san wane malami ne ke da kuɗi a hannu? Ga dabarar da ni nake ganin ta fi kowace amfani, kuma kyauta ce. Manyan tarukan wannan fannin guda huɗu ne, IEEE S&P da USENIX Security da ACM CCS da NDSS, a nan ake buga binciken da ake ji da shi. Takardun USENIX da na NDSS kowa zai iya saukewa ba tare da biyan ko sisi ba. Ka shiga na shekarar da ta wuce, ka bi kanun takardun, ka ware guda goma da suka ja hankalinka, ka karanta gabatarwar ko da sauran ya fi ƙarfinka. Sannan ka gangara can ƙarshe kafin jerin madogara, akwai wani ɗan sakin layi na godiya da ba wanda yake karantawa, a nan suke rubuta wanda ya biya kuɗin aikin har da lambar tallafin. Sunan ƙarshe a jerin marubuta sau da yawa shine malamin, na farko kuma ɗalibinsa ne. In tallafin na NSF ne zaka iya ɗaukar lambar ka saka a shafinsu na neman bayanan tallafi, ya nuna maka yaushe aka fara, yaushe zai ƙare, nawa ne. Wanda nasa ya fara bana shi ake rubuta wa, ba wanda nasa ke ƙarewa a watan gobe ba.

Imel ɗin da zaka tura kuma, dan Allah, a nan mutane ke kashe kansu. Malaman nan suna samun ɗaruruwan saƙonni masu farawa da kirari, ya mai girma shehin malami na ga ayyukanka masu ban mamaki ina da sha'awar tsaron intanet tun ina yaro, kuma da gani ka san saƙon guda aka kwafa aka tura wa mutum ɗari, wani ma har ya manta bai canza sunan jami'ar ba. Wanda ake amsawa gajere ne, layi bakwai ko takwas, ka ce na karanta takardarku kaza, na sauke manhajar da kuka saka a GitHub na gwada ta a kan abu kaza, a wuri kaza sakamakon ya bambanta da naku kuma ina zaton dalilin kaza ne, ga mahaɗin abin da na yi, shin kuna ɗaukar ɗalibi a bana? Shikenan. Ko da hasashen naka kuskure ne ba komai, ya dai ga cewa kai mutum ne da zai iya zama da abu har ya gane inda ya karye, kuma aikin bincike ɗin kenan gabaɗaya. Kuma kafin ka tura ka duba shafinsa, wasu sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa kar a turo imel a cike fom ɗin jami'a kawai, wasu ma suna ɓoye wata kalma su ce a saka ta a kan saƙo don su gane wanda ya karanta.

Wannan ya kawo mu kan satifiket. Na san ana kashe kuɗi sosai a kan satifiket ɗin ƙwarewa irin su CEH da Security+ da makamantansu, kuma suna da amfani wajen neman aiki a kamfani, amma kwamitin ɗaukar ɗaliban dakta gaskiya ba su cika burge shi ba. Abin da yake burge shi shine lissafi mai kyau, iya rubuta manhaja da C ko Python ko Rust, sanin yadda kwamfuta ke aiki a can ƙasa, da wata shaida ta cewa ka taɓa bin matsala da kanka. Gasannin kutse na halal da ake kira CTF suna da daraja a nan, picoCTF na jami'ar Carnegie Mellon kyauta ne kuma don masu farawa aka yi shi, amma ba makin ne ya fi muhimmanci ba, bayanin da zaka rubuta bayan gasar na yadda ka warware shine abin nunawa. Gyara ɗaya da aka karɓa daga hannunka a wata buɗaɗɗiyar manhaja da jama'a ke amfani da ita ya fi satifiket uku nauyi a idon malami, ni dai haka nake gani.

Tallafin kamfanoni kuwa, irin na Google da Microsoft da IBM, kuɗi ne mai kyau kuma suna ne babba a takardar mutum, na Google tun 2009 ake bayarwa kuma yana da ɓangaren tsaro da sirri. Sai dai akasari na wanda ya riga ya fara dakta ne har ya buga wani abu, kuma sau da yawa jami'a ce ke miƙa sunanka ba kai ba. Ka ajiye su a ranka sai shekara ta biyu ko ta uku. Ƙananan tallafi irin na gidauniyar ƙungiyar ƙwararrun tsaron intanet ta ISC2, wadda har da na mata zalla take bayarwa, da kuɗin tafiya taro da su USENIX ke ba ɗalibai, ba za su riƙe ka shekara huɗu ba amma kar ka raina su, tafiya taro ɗaya tana iya haɗa ka da wanda zai ɗauke ka. Wanda kuma yake son mastas mai ƙarfi a nahiyar Afirka, Carnegie Mellon na da reshe a Kigali tun 2011, suna da cibiyar binciken tsaro ta CyLab-Africa kuma gidauniyar Mastercard na ɗaukar nauyin ɗalibai da dama a can.

Akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kai ba, wato me mai kuɗin yake so a wajenka, don kowane allazi da nasa amanu. Kuɗin binciken tsaro da yawa daga ma'aikatun tsaro yake fitowa, kuma wannan ba sabon abu bane, cibiyar CERT ta farko mai kai ɗauki idan an kai wa kwamfutoci hari ma DARPA, hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, ce ta kafa ta a Carnegie Mellon a 1988 bayan wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta da ake kira tsutsar Morris ta rikita intanet ɗin wancan lokacin, haka fasahar da Tor, manhajar ɓoye sawu a intanet, ke tafiya a kai a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka aka fara ta. Ba ina cewa haramun bane, kowa da inda zuciyarsa ta kwanta, amma ka tambaya kafin ka karɓa. Shin ina da 'yancin buga duk abin da na gano ko sai mai kuɗi ya duba ya amince? Manhajar da zan rubuta ta waye? Akwai ɓangaren aikin da fasfo ɗina zai hana ni taɓawa? Wannan ta ƙarshen ba wasa bace, dokokin hana fitar da fasaha na Amurka na iya sa a ware baƙo daga wani aiki a ɗakin binciken da yake zaune, a Birtaniya kuma wasu kwasa-kwasan sai ka samu takardar izini ta ATAS kafin ma a yi maganar biza, kuma tana ɗaukar makonni, wani lokacin ta ja har ranar fara karatu ta wuce. Ɗalibin dakta da ba zai iya buga aikinsa ba ya shiga uku, don da takardun da ka buga ake auna ka ba da wahalar da ka sha ba.

Ko jinkirin bugawa kaɗai abin lura ne. Raunin nan na ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna Meltdown da Spectre da aka fallasa a Janairun 2018, wanda matasan masu bincike na jami'ar fasaha ta Graz a Ostiriya na cikin waɗanda suka gano, an sanar da kamfanin Intel mai ƙera ta tun tsakiyar 2017 aka yi ta riƙe maganar watanni don a samu a yi gyara. Haka tsarin yake kuma daidai ne, amma ka ɗauka kai ne ɗalibin da tallafinsa ke ƙarewa a watan Disamba kuma babban aikinka na kulle ba ka da ikon ko ambatonsa a takardar neman aiki. Shi yasa tambayar me zai faru in kuɗi ya ƙare ban gama ba take da muhimmanci, a Birtaniya tallafi kan tsaya a shekara uku da rabi zuwa huɗu, a Amurka dakta kan kai biyar ko shida, kuma in kuɗin malami ya yanke sai ka koma koyar da 'yan aji ɗaya don a ci gaba da biyanka.

Kuma zumuɗin nuna bajinta kar ya kai ka ga taɓa abin da ba a ba ka izini ba. Na ga masu tunanin in suka kutsa shafin wata jami'a suka tura wa farfesa hoto zai ce kai wannan gwani ne a ɗauke shi. Ba zai ce ba, laifi ne a dokar kusan kowace ƙasa, Birtaniya na da dokarta tun 1990 Amurka tun 1986, kuma ba malamin da zai ɗauki wanda zai jawo masa shari'a. Manyan ma ba su tsira ba, a Afrilun 2021 masu kula da buɗaɗɗiyar manhajar Linux suka dakatar da karɓar gudummawa daga jami'ar Minnesota baki ɗaya saboda wasu masu bincike a can sun tura gyare-gyare masu ɗauke da aibi da gangan don su gwada ko za a gane, ba tare da sun nemi yardar kowa ba, ƙarshe sai da suka janye takardar da aka riga aka karɓa a IEEE S&P suka ba da haƙuri. In furofozal ɗinka ya shafi gwaji a kan mutane ko na'urorin wasu, ka rubuta yadda zaka nemi izini da yadda zaka sanar da mai abu in ka ga rauni, masu dubawa na lura da wannan sosai yanzu.

Abin dariya kuma abin takaici, masu neman karatun tsaron intanet ɗin ma ana damfararsu da saƙon bogi, an taya ka murna ka ci sikolashif da ba ka taɓa nema ba, turo kuɗin rajista da hoton fasfo. Haba. Ka dubi adireshin da saƙon ya fito mana, jami'a ba ta rubuto wa mutum daga Gmail. Kuɗin cike fom na jami'o'in Amurka gaskiya ne akwai shi, amma a shafin jami'ar ake biya kuma da yawa suna yafewa in ka roƙa da hujja, Chevening da Erasmus Mundus kuwa neman tallafinsu ba a biyan komai, ejan ɗin da ya ce yana da hanya a ciki ƙarya yake.

Lokaci kuma, jami'o'in Amurka yawanci a Disamba suke rufe karɓar takardun dakta na shiga a watan Agusta ko Satumba mai zuwa, Erasmus Mundus wajen Disamba zuwa farkon shekara, guraben albashi na Turai kuwa ba su da kaka, duk sanda kuɗi ya sauka ake tallatawa wani lokacin a rufe cikin wata guda, don haka takardunka su zama a shirye kullum. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da TOEFL shekara biyu yake yi ya mutu, kar ka yi shi da wuri sosai. Wasiƙun shaida kuma guda uku ake yawan nema, ka sanar da malaman naka tun da wata biyu, ka ba su takardar tarihin karatunka da ɗan bayanin abin da kuka yi tare don su samu abin rubutawa, kuma ka zaɓi ƙaramin lakcara da ya duba firojet ɗinka ya san inda ka sha wuya a kan shugaban tsangaya da bai san fuskarka ba, saboda masu karanta wasiƙun nan da layi biyu suke gane wadda sakatare ya cike suna kawai.